Fotasiyam ga mai hawan jini da ciwon suga: a ƙara masa ko a rage?

Jami'ar Lafiya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da masu harhaɗa magunguna na wannan zaure ce. Shawarar da aka saba ba mai hawan jini ita ce ya rage gishiri, ya yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu yana sauke jini. To amma sau da yawa mai hawan jinin nan shi ne kuma mai ciwon suga, sai a sallamo shi daga babban asibiti da gargaɗin kada ya kusanci ayaba da dabino da dankalin Turawa. Wacce shawarar za a bi?

Don kada maganar ta tafi a iska, ga misali. A ce magidanci ne mai shekara 60, ya haura shekara goma da ciwon suga, yana shan metformin na suga, da lisinopril miligiram 20 da Moduretic na hawan jini kullum. Gwiwa na damunsa, saboda haka yana sayen diclofenac a kemis. An yi gwajin jini, fotasiyam ya nuna 5.7, ma'aunin tacewar ƙoda na eGFR ya nuna 42, shi kuwa ya ce lafiyarsa lau. Me ya ɗaga fotasiyam ɗin, abinci ko magani? Me ya kamata a fara yi a ƙaramin asibiti? Sannan ina matsayin kanwa, da gishirin nan da ake sayarwa a manyan kantuna a ce na masu hawan jini ne?

Likitan Ƙoda:

Wa alaikumus salam, Malama. Shawarwarin biyu duk daidai suke, sai dai ba mutum ɗaya ake ba su ba. Abin da ke raba mai wannan da mai waccan shi ne halin da ƙodarsa ke ciki da irin maganin da yake sha.

Jikin babban mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da fotasiyam kimanin milimol (ma'aunin yawan sinadari) 3,500, amma kashi 98 cikin 100 yana kulle ne a cikin ƙwayoyin jiki, galibi na tsoka. Wanda ke yawo a waje, har da na cikin jini, bai wuce milimol 60 zuwa 70 ba. A cikin ƙwaya za a sami kusan milimol 140 a lita, a jini kuwa 3.5 zuwa 5.0 kacal. Wannan tazarar ce ke samar da lantarkin da jijiya da tsoka da zuciya ke aiki da shi, kuma wani ɗan famfo ne a bangon kowace ƙwaya yake tsare ta: ya fitar da sodiyam uku, ya shigar da fotasiyam biyu, dare da rana. Jens Skou na ƙasar Denmark ne ya gano shi a 1957. Da zarar na cikin jini ya yi sama ko ƙasa da kima, bugun zuciya ne ke fara rikicewa.

Cin abinci ɗaya mai wake da ganye da doya zai iya shigar da milimol 30 zuwa 40, wato kusan rabin duk abin da ke waje da ƙwayoyi. Da a ce zai zauna a jini, da cin tuwo da miyar ganye ya zama haɗari. Abin da ya hana hakan matakai biyu ne. Na gaggawa shi ne insulin: ana gama cin abinci sai ya zaburar da famfon nan, cikin mintuna a kwashe fotasiyam a zuba cikin tsoka da hanta, kamar yadda ake kwashe hatsi daga tsakar gida a zuba a rumbu kafin ruwa ya sauko. Na biyu mai ɗaukar sa'o'i shi ne ƙoda, wadda ke fitar da kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da aka ci ta fitsari, hanji ya fitar da sauran. Mai ba ƙoda umarnin fitarwar shi ne aldosteron, sinadarin da wata 'yar gaɓa da ke zaune a kan ƙodar take samarwa.

Ciwon suga yana taɓa matakan duka biyu. Idan insulin ya yi ƙaranci, shigarwa cikin ƙwayoyi na raguwa. Idan suga ya hau sosai, yana janyo ruwa daga cikin ƙwayoyi, fotasiyam ya biyo ruwan ya fito. Da shekaru suka tafi, matatun ƙoda na lalacewa. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: a ƙodar mai tsohon ciwon suga, sashen da ke samar da wani sinadari mai suna renin yakan raunana, shi kuwa aldosteron ba ya fitowa sosai sai da renin. Shi ya sa za ki ga mai ciwon suga da eGFR 45 fotasiyam ɗinsa ya hau, alhali wani marar suga mai irin wannan lamba nasa yana daidai.

Batun sauke hawan jini kuwa gaskiya ne. A can ƙarshen bututun ƙoda akwai wata ƙofa da ke mayar da gishiri cikin jiki. Idan fotasiyam ya yi ƙaranci a abinci, ƙofar na buɗewa sosai, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Idan ya wadata, ƙofar na rufewa, gishiri ya fita a fitsari. Wannan ƙofar dai ita ce maganin hydrochlorothiazide ke toshewa. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa baligi ya samu aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana daga abinci, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Nazarin da aka gina shawarar a kai ya nuna lambar sama ta awon jini na sauka da kimanin maki 3 zuwa 5, kuma masu hawan jini ne suka fi amfana. Amma shawarar ta masu lafiyayyar ƙoda ce.

Mu dawo kan magidancinki. Abinci shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda zan tuhuma. Yana da ƙoda mai rauni, sannan an ɗora masa magunguna uku da kowannensu ke hana fotasiyam fita. A 5.7 ba tare da wata alama ba, a duba bugun hannunsa, a yi masa ECG, wato awon lantarkin zuciya, idan akwai na'urar, a sake gwajin cikin kwana uku. Diclofenac ya tsaya daga yau, a cire Moduretic. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsayar da lisinopril a bar sauran, alhali shi ne kaɗai a cikin ukun yake kare ƙodar mai ciwon suga, musamman idan furotin na zuba a fitsari. A share masa hanya ya ci gaba, ko da za a rage shi zuwa miligiram 10 na ɗan lokaci. Idan lamba ta kai 6.0, a dakatar da lisinopril ɗin a sake gwaji cikin awa 24. Daga 6.5 zuwa sama, ko ECG ya nuna canji a kowace lamba, a tura shi babban asibiti nan take. Kada jin daɗin jikinsa ya yaudare ki, hawan fotasiyam yakan kai ga tsayawar zuciya ba tare da mutum ya ji komai ba sai 'yar kasala a ƙafafu.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Likita ya gama magana a kan asali, ni zan tsaya a kan ƙwayoyin.

Moduretic magani biyu ne a ƙwaya ɗaya: hydrochlorothiazide miligiram 50 mai zubar da fotasiyam, da amiloride miligiram 5 mai riƙe shi. An haɗa su ne don ɗaya ya toshe ɓarnar ɗaya, kuma ga mai lafiyayyar ƙoda da ba ya shan wani abu, lissafin yakan fita. Da yake yana da araha kuma ya daɗe a kasuwarmu, sai ya zama ana rubuta shi ba tare da tuna cewa akwai amiloride a ciki ba. Idan aka ɗora shi a kan lisinopril, wanda ke rage aldosteron, an tare ƙofar fita ta gaba da ta baya. Diclofenac kuma ya zo ya rage jinin da ke shiga matatun ƙoda, ya ƙara danne renin. Haɗuwar ukun nan, wato maganin sa fitsari da dangin lisinopril da maganin ciwon gaɓɓai, sanannen tarko ne da ke jefa ƙoda cikin rauni na farat ɗaya, balle a watannin zafi da mutum ke zufa bai shan isasshen ruwa.

Masu ɗaga fotasiyam da ya kamata a riƙa tambaya a kansu: duk mai ƙarewa da "pril" irin su enalapril da ramipril, duk mai ƙarewa da "sartan" irin su losartan da telmisartan, sai spironolactone, ibuprofen, piroxicam, allurar heparin, da Septrin. Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa. Trimethoprim ɗin da ke cikinsa yana aiki a ƙoda tamkar amiloride, saboda haka dattijo mai shan lisinopril da aka ba Septrin don ciwon mafitsara zai iya hawa daga 4.8 zuwa sama da 6 cikin mako guda. Kuma kada a taɓa haɗa mai "pril" da mai "sartan" wa mutum ɗaya.

Ƙa'idar gwaji ba ta da wuya. A auna fotasiyam da kiriyatinin (dattin jini da ke nuna aikin ƙoda) kafin a fara lisinopril ko losartan, kada a fara idan fotasiyam ya wuce 5.0. A sake aunawa bayan mako ɗaya zuwa biyu da farawa, haka ma duk sanda aka ƙara ƙarfin maganin. Idan kiriyatinin ya ɗan tashi amma bai kai kashi 30 cikin 100 na yadda yake da ba, a ci gaba, wannan alamar aikin maganin ce. Spironolactone a matsayin magani na huɗu ga jinin da ya ƙi sauka, an fi so a fara shi idan fotasiyam bai wuce 4.5 ba.

Me za a sa a gurbin Moduretic? Amlodipine miligiram 5 zuwa 10 ba ruwansa da fotasiyam. Binciken CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Idan ana buƙatar maganin sa fitsari, a ba da shi tsurarsa ba amiloride, kamar indapamide, ko furosemide idan akwai kumburi. Waɗannan za su ma taimaka wajen fitar da rarar fotasiyam ɗin. Ga gwiwa, paracetamol da man shafawa. Metformin kuwa a eGFR 42 kada ya wuce miligiram 1,000 a rana, idan ya sauka ƙasa da 30 a daina. Idan aljihu zai ɗauka, dapagliflozin ko empagliflozin na kare ƙoda, kuma an ga suna rage yiwuwar mummunan hawan fotasiyam.

Gishirin da kika tambaya, an cire wani kaso na gishirin ne an maye gurbinsa da fotasiyam kulorayid. Amfaninsa tabbatacce ne ga waɗanda ya dace da su. A wani babban bincike a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin da aka wallafa a 2021, mutum kusan 21,000, gishiri mai kashi 25 cikin 100 na fotasiyam kulorayid ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100, mutuwa da kashi 12. Sai dai tun farko an ware masu tsananin ciwon ƙoda da masu shan magani mai riƙe fotasiyam, ba a sa su ciki ba. Ga lissafi: giram ɗaya na fotasiyam kulorayid na ɗauke da milimol 13 da 'yan kai. LoSalt, ɗaya daga irin wannan gishirin, kashi biyu cikin uku nasa fotasiyam kulorayid ne, don haka giram 5 a rana ya kai kusan milimol 44, fiye da ƙwayar maganin ƙarin fotasiyam ta Slow-K biyar, tunda kowace ƙwaya milimol 8 ce. Ba wanda zai rubuta wa magidancin nan Slow-K biyar a rana, amma zai iya zuba kwatankwacinsu a miya da hannunsa yana ganin lafiya yake nema.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Kafin a sauya wa mutum magani, a tabbatar 5.7 ɗin tasa ce. Tunda jajayen ƙwayoyin jini cike suke da fotasiyam, duk abin da ya fasa su ko ya sa suka yi yoyo zai ba da lambar ƙarya. Abubuwan da ke jawo lambar ƙarya: ɗaure hannu fiye da minti ɗaya, sa majinyaci ya yi ta dunƙule hannu yana saki, zuƙo jini da ƙarfi ta siririyar allura, tura shi da ƙarfi cikin kwalba, ko girgiza kwalbar. Sai jinkiri. Jinin da aka ɗiba da safe a ƙauye, aka kai shi gari da la'asar ba a raba ruwansa da ƙwayoyin ba, ba a dogara da fotasiyam ɗinsa. Mutane kan sa shi a firiji ko cikin ƙanƙara don kada ya lalace, alhali sanyi na kashe famfon da Likita ya ambata, fotasiyam ya tsiyayo waje. A ajiye shi a inuwa, a juya shi a na'ura a raba cikin awa biyu.

Akwai kuma kwalba mai murfin shunayya ta gwajin ƙirgen jini. Sinadarin EDTA da ke cikinta da fotasiyam aka haɗa shi. Idan aka fara cika ta kafin ta gwajin ƙoda, ko aka tsiyaya jini daga wannan zuwa waccan don bai isa ba, za a ga fotasiyam 8 ko 9 tare da kalsiyam da ya faɗi ƙasa warwas a mutumin da ya shigo da ƙafarsa. Ganin ruwan jini ya yi ja-ja bayan an raba, a rubuta a takardar sakamako, a sake ɗiba. Amma ga mutum irin na misalin nan, mai raunin ƙoda da magunguna uku, a ɗauki lambar da gaske har sai gwaji na biyu ya ƙaryata ta.

Jami'ar Lafiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abinci da kanwa. Idan an gyara magunguna kuma lamba ta dawo 4.8, sai ya koma cin komai? Kuma me ake yi da azumi, tunda da dabino ake buɗe baki?

Masaniyar Abinci:

Malama, idan lamba ta dawo 4.8 ta zauna, babu dalilin hana shi ganye da 'ya'yan itatuwa. Dogon jerin haramci da ake miƙa wa majinyata yana da tasa illar: mutum ya bar wake da ganye ya koma farar shinkafa da burodi da taliya, suga ya hau, bayan gida ya yi tauri. Shi kuwa mai raunin ƙoda hanjinsa na ɗaukar wani kaso mai yawa na aikin fitar da fotasiyam, don haka taurin bayan gida da kansa yana ɗaga lamba. Ƙari a kan haka, jiki ba ya zuƙe duk fotasiyam ɗin da ke cikin tsiro, amma wanda aka zuba a abincin gwangwani da na leda, ko na gishirin nan, kusan dukkansa yake shiga jini.

Ga kimanin abin da ke cikin giram 100: ɗanyar doya miligiram 800, gyaɗa 700, dabino 650 zuwa 700, tsamiya 630, ɗanyen alayyafo wajen 600, agada da fiya dab da 500, ɗanyen dankalin Turawa 420, gwaiba 420, ayaba 360, dafaffen wake 280, tumatir 240. Tumatirin gwangwani ya kai 1,000 saboda an ƙafe ruwansa. A ɓangaren masu sauƙi akwai lemo da gwanda wajen 180, kabeji 170, kankana da abarba da tuffa wajen 110, dafaffiyar farar shinkafa 35. Kin ga ayaba da ta yi ƙaurin suna ba ita ce kan gaba ba. Faranti cike da soyayyar doya da miyar tumatirin gwangwani ya ninka ayaba ɗaya sau da yawa, amma ba kasafai ake ambatarsa ba.

Ga wanda lambarsa ke wasa tsakanin 5.0 da 5.5, dabarar dahuwa ta fi haramci amfani. Fotasiyam na narkewa a ruwa. A fere doya ko dankali, a yanka ƙanana, a dafa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye ruwan a zubar. Wannan kaɗai na rage kusan rabi, kuma gwargwadon ƙanƙantar yankan gwargwadon abin da zai fita. Jiƙawa a ruwan sanyi ba tare da tafasawa ba, abin da take cirewa kaɗan ne. Suya da gashi da turarawa ba sa cire komai. Ganye ma a tafasa a zubar da ruwan farko kafin a sa a miya, wake a jiƙa a zubar, a tafasa a sake zubarwa. A bar matse 'ya'yan itatuwa ana sha, domin kofi ɗaya na ruwan lemo ya cinye lemo uku, ga suga ga fotasiyam. Ruwan kwakwa ma haka.

Dabino ƙanana guda uku ba su wuce miligiram 150 ba, ƙasa da rabin ayaba. Ba su ne matsalar buɗe baki ba, idan an tsaya a ukun an lissafa sugansu. Matsalar ita ce a tara komai a zama ɗaya: dabino, kunun gyaɗa da tsamiya, ƙosai, soyayyen dankali, ruwan 'ya'yan itatuwa, a jikin da ya wuni ba ruwa. A rarraba tsakanin magariba da sahur, a sha ruwa sosai. Mai eGFR wajen 40 da ciwon suga ya ga likitansa a yi gwaji makonni kafin Ramadan, a nan za a yanke ko azumin zai yiwu.

Kanwa kuwa ba fotasiyam ba ce. Ruɗanin ya samo asali ne daga sunan "potash" da ake kiran ta da shi a kasuwa, amma kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga galibinta sodiyam kabonet ne da bayikabonet, wato 'yar'uwar gishiri ce. Mai hawan jini da ya yawaita ta sodiyam yake ƙara wa kansa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa. Abin da ke da fotasiyam na gaske shi ne ruwan toka da wasu ke tacewa daga tokar kara su sa a miya ko ɗanwake a madadin kanwa. Shi ne mai raunin ƙoda zai kiyaya. Dunƙulen ɗanɗano kuma gishiri ne mafi yawansa, a lissafa shi cikin giram 5 ɗin nan.

Likitan Ƙoda:

Hajiya ta yi daidai a kan haramcin abinci, sai dai zan sa iyaka: idan eGFR ya sauka ƙasa da 30, ko mutum na kan wankin ƙoda, a nan awon abinci ya zama dole, ba zaɓi ba.

Mun karkata ga hawa, alhali faɗuwa ma tana nan, kuma ita ta fi yawa ga mai shan hydrochlorothiazide ko furosemide tsura. Ƙasa da 3.5 mutum kan ji kasala da ɗaurewar tsoka da faɗuwar gaba, kuma haɗarin ya ninka ga mai shan maganin zuciya na digoxin. Tana taɓa suga ma. Ƙwayoyin da ke samar da insulin suna da wata ƙofar fotasiyam da sai ta rufe insulin ke fita, ita ce ma maganin suga na glibenclamide ke rufewa. Idan fotasiyam ya yi ƙasa, fitar insulin na raguwa, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa suga ya ɗan hau ga masu shan maganin sa fitsari mai ƙarfi. Miligiram 12.5 zuwa 25 na hydrochlorothiazide ya wadatar, 50 ɓarnarsa ta fi ƙarin amfaninsa. Idan ana ba da Slow-K lamba ta ƙi tashi, a duba magneziyam, domin in ya yi ƙasa ƙoda ba ta daina zubarwa. Mai hawan jinin da fotasiyam ɗinsa ke ƙasa ba tare da maganin sa fitsari ba, ko wanda magani uku suka kasa sauke masa jini, a tura shi a auna aldosteron da renin. Yawan aldosteron na cikin manyan dalilan hawan jini mai taurin kai, kuma yana da maganinsa na musamman.

Ranar amai da gudawa, a dakatar da lisinopril da maganin sa fitsari da metformin da dangin dapagliflozin har sai mutum ya koma ci da sha na kwana ɗaya zuwa biyu. Insulin ba a dakatar da shi. Ruwan ORS na leda yana da fotasiyam milimol 20 a lita, na gishiri da suga da ake haɗawa a gida ba shi da ko kaɗan.

Wuri mafi haɗari shi ne mai ciwon suga da aka kawo a galabaice, suga ya yi sama, yana numfashi da zurfi, jini ya yi tsami. Gwajin farko zai iya nuna fotasiyam 5.5, alhali ya yi kwanaki yana zubar da shi a fitsari, jikinsa na bin bashin milimol 3 zuwa 5 a kowane kilo. Rashin insulin ne ya koro ragowar zuwa jini. Ana fara insulin zai koma cikin ƙwayoyi, lamba ta faɗi cikin awa ɗaya ko biyu. Saboda haka ƙarin ruwa ake farawa da shi, a ga sakamakon fotasiyam kafin insulin. Idan yana ƙasa da 3.5 a jinkirta insulin a fara cike giɓin. Idan yana tsakanin 3.5 da 5.0 kuma majinyaci na fitsari, a sa milimol 20 zuwa 30 a kowace litar ruwa, a riƙa aunawa duk bayan awa biyu zuwa huɗu. Ba a taɓa tura fotasiyam kulorayid kai tsaye cikin jijiya da sirinji, sai an gauraya shi a ruwa ya sauka a hankali.

Wannan hali na insulin shi ake amfani da shi idan lamba ta haura 6.5. Ana fara ba da kalsiyam gulukonet ta jijiya, wanda ba ya rage fotasiyam ko kaɗan, zuciya kawai yake karewa na rabin awa zuwa awa ɗaya. Sai insulin mai saurin aiki yunit 10 tare da gulukos giram 25, a ƙara da salbutamol miligiram 10 zuwa 20 ta na'urar shaƙa. Lamba za ta sauka da kimanin maki ɗaya, amma ɓoye shi aka yi a cikin ƙwayoyi, bayan awa huɗu zuwa shida zai dawo idan ba a fitar da shi ta fitsari ko hanji ko wankin ƙoda ba. A riƙa auna suga a kai a kai na aƙalla awa shida, domin a ƙoda mai rauni insulin na daɗewa a jini fiye da gulukos ɗin da aka ba da tare da shi. A ƙaramin asibitin da ba a iya sake auna fotasiyam cikin awa ɗaya ko biyu, a sa layin jijiya, a rubuta duk magungunan da yake sha har da na kemis da na gargajiya a takardar turawa, a sa shi a mota.